Kayan Aron Da Ya Rufe Katara: Tarihin Makaɗan Ska Na Ƙasar Hangari

Duk wanda ya yi wayo a zamanin kaset ya san kiɗan rege, ko da bai taɓa sayen kaset ɗin da kuɗinsa ba. Ya ji Bob Marley a shagon mai gyaran rediyo, ya ji Alpha Blondy ko Lucky Dube a tashar mota, ya ga samari da hula mai launin ja da ɗorawa da kore. Amma ba kowa ne ya san cewa rege yana da yaya ba, wanda ya riga shi zuwa duniya da kusan shekara goma, sunansa ska. Waɗanda suka san cewa akwai wani rukunin makaɗa a birnin Budapest na ƙasar Hangari da ya shafe shekaru yana buga wannan kiɗa, har masoya ska na ƙasashen Turai suka san da zamansa, sun fi ƙaranci. Sunan rukunin Pannonia Allstars Ska Orchestra, a taƙaice ana ce musu PASO.

Abin da ya sa labarinsu ya cancanci a tsaya a kansa shi ne nisan da ke tsakanin gidajen biyu. Hangari ƙasa ce a tsakiyar Turai, ba ta da bakin teku, ba ta taɓa mulkin wani tsibiri a yankin Karibiyan ba, mutanenta ba su kai miliyan 10 ba, harshensu kuma bai yi kama da na maƙwabtansu ba. Jamaika kuwa tsibiri ce ta jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. To, mai karatu, tambayar da ke gabanmu ita ce: yaushe ne kiɗan da aka aro yake daina zama aro?

Kafin mu isa Budapest, dole mu fara daga Kingston, domin shi kansa ska ɗin da aro aka fara shi.

A shekarun 1950, talakan Kingston ba shi da kuɗin shiga manyan otal inda makaɗa ke wasa. Nishaɗinsa yana hannun masu manyan lasifika, waɗanda ke kafa akwatunansu a fili da dare, su sa faifan garmaho, jama'a su biya kuɗi kaɗan su yi rawa har asuba. Manyan cikinsu su ne Clement Dodd, wanda aka fi sani da Coxsone, da Duke Reid, tsohon ɗan sanda, sai Prince Buster da ya fara aiki a ƙarƙashin Coxsone kafin ya kafa nasa. Faifan da suke sawa daga Amurka suke zuwa, kiɗan baƙaƙen fata na New Orleans da makamantansa. Gasa ta yi tsanani har mai lasifika kan kankare sunan da ke jikin faifai don kada abokin hamayya ya gane waƙar ya je ya sayo irinta. Da irin wannan kiɗa ya fara ƙaranci a kasuwar Amurka, sai suka ga ba su da mafita illa su tara makaɗan gida su naɗi nasu.

Makaɗan nan sun ɗauki tsarin Amurka, suka gauraya shi da kiɗan ƙauyen Jamaika da ake kira mento, sannan suka juya nauyin bugun. Ga yadda abin yake. Idan kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, jita da fiyano ba sa sauka a kan lambar, sai a ɗan ratar da ke tsakanin lamba da lamba. Wanda ya taɓa ganin mata biyu na lugude a turmi ɗaya zai gane nan take: taɓarya ta farko ta sauka, ta biyu ta faɗa a gurbin da ta farko ta bari. Wannan taɓarya ta biyu ita ce ran ska. A samanta kuma sai kayan busa, wato ƙaho da saksafon da tarambon, su ɗauki karin waƙar.

Kiɗan ya tashi daidai lokacin da Jamaika ke karɓar 'yancin kai daga Birtaniya a ranar 6 ga Agusta 1962, shi ya sa ya zama muryar murnar wannan lokaci. A 1964 aka kafa rukunin Skatalites, wanda ya tara gwanaye irin su Tommy McCook da Roland Alphonso da Don Drummond da Jackie Mittoo. Da yawa daga masu busa na wancan zamani, har da McCook da Drummond, sun koyi sana'ar ne a makarantar Alpha, gidan renon yara maza marasa galihu da mata 'yan darikar Katolika ke gudanarwa, inda ake koyar da karatun kiɗa a rubuce da horo irin na badujala. Skatalites ba su wuce shekara ɗaya da 'yan watanni ba suka watse a 1965, amma a ɗan wannan lokaci sun aza harsashin da ake gini a kai har yau. Ba su kuma ji kunyar aro ba: ɗaya daga cikin fitattun kiɗansu, Guns of Navarone, daga wani fim ɗin yaƙi na 1961 suka ɗauko shi. Bob Marley ma da ska ya fara, domin waƙar Simmer Down da ta fito da rukunin Wailers a farkon 1964 ska ce tsantsa. Daga baya kiɗan ya rage gudu a 1966, ya sake rikiɗa a wajen 1968, aka sami rege.

Zangon kiɗan na biyu Ingila ne. Tun daga jirgin ruwan Empire Windrush da ya sauka a 1948, dubban 'yan Karibiyan suka yi ta ƙaura zuwa can neman aiki, suka tafi da faifansu. A 1964 waƙar Millie Small mai suna My Boy Lollipop ta kai matsayi na biyu a jerin waƙoƙin Birtaniya, a 1969 kuma Desmond Dekker ya hau na ɗaya da Israelites. 'Ya'yan ma'aikata Turawa da ke zaune unguwa ɗaya da 'yan Jamaika suka kamu da son kiɗan. Daga cikinsu ne aka sami samari masu aske kai ƙwal da sa manyan takalma, waɗanda ake kira sikinhed. A farkon lamari masoya kiɗan baƙar fata ne. Sai a shekarun 1970 ƙungiyoyin masu ƙyamar baƙi suka kutsa cikinsu suka ja wani ɓangare, har sunan ya ɓaci.

Martanin wannan ɓaraka ya fito daga birnin Coventry a 1979, inda Jerry Dammers na rukunin Specials ya kafa kamfanin faifai mai suna 2 Tone. Alamarsu zanen dara ne, baƙi da fari, rukunoninsu kuma sun haɗa baƙaƙe da farare a dandali ɗaya da gangan. Waƙarsu Ghost Town ta zama ta ɗaya a Birtaniya a bazarar 1981, daidai lokacin da tarzoma ke cin biranen ƙasar. Tun daga nan, duk wanda ya ɗauki ska a Turai ya ɗauke shi tare da wannan nauyi: dole a san ɓangaren da yake.

A duk tsawon wannan lokaci Hangari tana bayan shingen da ya raba Turai gida biyu. Bayan da tankokin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe boren 1956, János Kádár ya riƙe ƙasar har zuwa 1988. Mutumin da ke juya harkar al'adu a zamaninsa, György Aczél, ya shahara da tsarin da ya kasa ayyukan fasaha gida uku: wanda gwamnati ke tallafa wa, wanda take kawar wa kai, da wanda ta haramta. A harshensu kalmomin uku duk da harafin T suke farawa, shi ya sa ake kiran tsarin da T uku. Kamfanin buga faifai guda ɗaya ne tak, na gwamnati, kuma mawaƙi yana buƙatar izinin hukuma kafin ya yi wasa a matsayin sana'a. Wanda ya wuce gona da iri yakan ɗanɗana kuɗarsa: a 1984 an yanke wa wasu 'yan rukunin CPg na birnin Szeged ɗaurin shekara biyu-biyu saboda kalaman waƙoƙinsu.

A irin wannan yanayi, kiɗan Jamaika bai shigo ta ƙofar gaba ba. Ya shigo ne a jakar matafiyi, da tashoshin rediyon ƙetare, da kaset da ake kwafa daga hannu zuwa hannu har sauti ya dusashe. Duk da haka ya sami masu riƙe shi. A 1985 aka kafa rukunin Ladánybene 27, wanda ake ɗauka a matsayin majagaban rege a Hangari. Sunan da suka zaɓa na wani ƙauye ne da ke tsakiyar ƙasar. Daga baya sun riƙa shirya sansanin rege na shekara-shekara a lokacin bazara, inda masoya kiɗan ke haɗuwa su kwana a tantuna.

Sai ga shekarar 1989. A watan Mayu Hangari ta fara kwance wayar da ke kan iyakarta da Ostiriya, a watan Satumba ta buɗe wa 'yan Jamus ta Gabas hanya, a ranar 23 ga Oktoba aka ayyana sabuwar jamhuriya. Sojojin Sobiyet na ƙarshe sun fice a watan Yuni 1991. A wannan shekarar ce wasu matasa a Budapest suka kafa gidan rediyo ba da izini ba, suka sa masa suna Tilos, kalmar da ke nufin abin da aka hana. Daga baya ya sami lasisi, ya zama gidan da ake jin kiɗan da manyan tashoshi ba sa sawa, har da na Jamaika. A 1993 kuma aka fara wani bikin kiɗa na ɗalibai a wani tsibiri da ke tsakiyar kogin Danube, wanda ya girma ya zama bikin Sziget, ɗaya daga cikin mafi girma a Turai.

'Yancin bai zo shi kaɗai ba. A farkon shekarun 1990 gungun masu aske kai na ɓangaren ƙyamar baƙi sun yi ta kai wa 'yan ƙabilar Roma da ɗaliban Afirka da Larabawa hari a titunan Hangari. Abin takaicin shi ne suna sanye da irin tufafin da asalinsu na masoya kiɗan Kingston ne, alhali mafi yawansu ba su san hakan ba. Saboda haka saurayin Budapest da ya ce zai buga ska yana da aiki biyu a gabansa: ya koyi kiɗan, ya kuma tuna wa mutane daga inda kiɗan ya fito.

A wannan ƙasa da aka riga aka share ne PASO ta tsiro a shekarar 2003, shekara ɗaya kafin Hangari ta shiga Tarayyar Turai. Sunan da suka zaɓa ya faɗi manufarsu. Pannonia shi ne sunan da Rumawa suka ba lardin da ya haɗa da yammacin Hangari ta yau, kuma kufan garinsu na Aquincum yana nan a cikin Budapest. Sauran sunan kuwa irin na manyan rukunonin Jamaika ne na shekarun 1960. Kamar dai suna cewa ne: ga inda muke tsaye, ga kuma makarantar da muka yi. Rukuni ne babba na kusan mutum goma, da mai ganga, da masu jita, da mai fiyano, da jerin masu busa. A gabansu akwai mawaƙi Kristóf Tóth, wanda aka fi sani da KRSA, kuma yake amsa laƙabin Lord Panamo, irin laƙabin sarauta da tsofaffin mawaƙan Karibiyan ke ba kansu.

Zaɓin farko da suka yi shi ne ya bambanta su. A lokacin, nau'in ska da ya fi tashe a duniya shi ne na Amurka na shekarun 1990, mai gudu kamar an biyo shi, mai ƙarar jita. PASO suka tsallake shi suka koma tushe, wato salon Skatalites, inda kiɗan ke tafiya da natsuwa, masu busa kuma ke karɓar fili ɗaya bayan ɗaya kowa ya nuna gwanintarsa kamar yadda ake yi a jaz. Wannan hanya ta fi wuya, domin babu hayaniyar da za ta ɓoye kuskure. Mai gangar da bai iya ba, a bugu huɗu za a gane shi.

Kundinsu Budapest Ska Mood ya fito a tsakiyar shekarun 2000, kuma ya sami shiga kamfanin Megalith, wanda Robert Hingley ya kafa, shugaban rukunin Toasters na New York da ke cikin waɗanda suka fara kafa ska a Amurka tun 1981. A wannan ƙaramar duniya ta ska, hakan tamkar shaidar kammala koyon sana'a ce daga hannun tsohon maigida. Sun kuma fitar da kundin wasan da suka yi kai tsaye a A38, wani tsohon jirgin dakon duwatsu na ƙasar Yukiren da aka ɗaure a bakin Danube aka mai da shi zauren kiɗa a 2003, shekarar da su ma suka fara. Bayan nan aka sami The Return of the Pannonians a 2007, da Feel the Riddim a 2009, daga baya kuma Lost in Space. Sun zama 'yan gida a bikin Sziget, sun zaga ƙasashen Turai, sun kuma riƙe tsohuwar al'adar Kingston ta kafa lasifika a sa faifai, mawaƙi ya riƙa ɗora baitoci a kai.

Da a nan suka tsaya, da sai a ce ɗalibai ne masu ƙoƙari, shi ke nan. Abin da ya ba su fuska tasu shi ne abin da suka tarar a gida. Hangari ƙasa ce da ta daɗe tana daraja kiɗan ƙauye. Tun wajen 1906 Béla Bartók da Zoltán Kodály suka riƙa yawo ƙauyuka da na'urar naɗar murya suna tattara dubban waƙoƙin manoma. A 1972 kuma, a tsakiyar mulkin kwaminisanci, matasan Budapest irin su Ferenc Sebő da Béla Halmos suka fara abin da suke kira gidan rawa, inda suke zuwa ƙauyukan Transilbaniya su zauna gaban tsofaffin makaɗa su koyi bugu da taku, su dawo birni su koyar. Hukumar UNESCO ta amince da wannan hanya a 2011 a matsayin abin koyi wajen adana gado. Ke nan makaɗin Budapest ya taso a wurin da ake ganin cewa wanda zai buga kiɗan wasu, sai ya je tushe ya koya da ladabi.

Akwai kuma wata dacewa da ke cikin bugun kansa. A kiɗan rawa na Hangari, musamman sashe mai sauri na rawar da suke kira csárdás, babban goge mai kaurin murya yana sauka a kan lamba, wani gogen matsakaici kuma ya amsa a ratar da ke tsakani. Suna kiran wannan tsari esztam. Lugude ne dai irin wanda muka bayyana a baya, sai dai a nan da goge ake yin sa maimakon jita. Makaɗan Roma, waɗanda su ne suka riƙe wannan kiɗa a bukukuwa da gidajen cin abinci na ƙarnoni, sun ƙware a kansa tun kafin a haifi kowa a cikin Skatalites. Saboda haka lokacin da PASO suka ɗora karin waƙar ƙasarsu da kukan goge a kan bugun Kingston, kamar yadda ake ji a kiɗansu mai suna Hungarian Dish, ba su buƙaci tanƙwara ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ƙafar ɗan Hangari ta riga ta san inda za ta taka.

Wannan bai hana a yi musu tambayoyi masu nauyi ba, kuma adalci ne mu kawo su. Yawancin waƙoƙinsu da Turanci suke, sau da yawa ma da lafazin Jamaika, ga shi suna amfani da kalmomin Rasta irin su Babila, kamar yadda sunan faifansu Babylon Focus ya nuna. Mai suka zai ce: me ɗan Turai ya sani game da Babilar da jikan bawa ke kuka da ita? Tambayar tana da ƙarfi, domin rege da ska sun fito ne daga wani ciwo na musamman, kuma sauƙi ne mutum ya ɗauki amon ya bar ciwon. A ɗaya ɓangaren, masu jin harshen Hangari a duniya ba su wuce kimanin miliyan 13 ba, don haka mawaƙin da ke son a ji shi a Jamus ko Faransa yana da dalilin neman wani harshe. Sannan mutanen da iyayensu suka rayu ƙarƙashin T uku, aka ɗaure wasu saboda baitin waƙa, ba baƙi ba ne ga ma'anar hukuma mai danniya. Ciwon ba iri ɗaya ba ne, kuma bai kamata a ce iri ɗaya ne ba, amma ya isa ya sa kalmar ta sami wurin zama a bakinsu. A ganina, inda suka fi ƙarfi shi ne inda suka bar kayan busa da goge suka yi magana, domin a nan ne ba wanda zai ce suna kwaikwayon muryar wani.

Ba su kaɗai ne a fagen ba. A 2005 aka kafa Irie Maffia a Budapest, rukunin da ya gauraya rege da wasu salo na zamani, kuma ɗaya daga cikin manyan muryoyinsa ita ce Sena Dagadu, wadda aka haifa a Accra, mahaifinta ɗan Gana, mahaifiyarta 'yar Hangari. Idan aka tuna cewa da yawa daga bayin da aka kai Jamaika daga gaɓar Gana ta yau aka loda su, za a ga irin doguwar hanyar da wannan kiɗa ya bi: daga gaɓar Afirka zuwa gonakin rake, daga nan zuwa titunan Kingston, zuwa masana'antun Ingila, ya tsallaka shingen waya, ya sauka a bakin Danube, ya tarar da 'yar Accra tana jiransa da makirufo a hannu. A 2018 UNESCO ta sa rege cikin jerin gadon al'adun bil'adama, abin da masu rawa a wannan jirgi na A38 suka daɗe da tabbatarwa da ƙafafunsu.

To, mu koma ga karin maganarmu. Gaskiya ne kayan aro ba ya rufe katara, idan an karɓe shi an sa yadda yake, ana jiran mai shi ya zo ya karɓa. Tarihin ska ya nuna wata hanyar dabam. 'Yan Kingston sun aro daga New Orleans, suka warware ɗinkin, suka sake yanka shi daidai jikinsu. 'Yan Coventry sun aro daga Kingston suka yi amfani da shi wajen faɗa da wariyar da ke unguwarsu. PASO sun aro, suka ɗauki wahalar koyonsa daga tushe, ba su ɓoye sunan masu shi ba, sannan suka duba cikin adakar kakanninsu suka samo zaren da ya dace da shi. Sharuɗɗan ke nan guda uku: a koya da kyau, a faɗi inda aka samo, a ƙara da abin gida. Wanda ya cika na farko kaɗai ɗan kwaikwayo ne, wanda ya tsallake na biyu kuma ɓarawo ne. Duk makaɗin da ke riƙe da kiɗan da ba a garinsu aka haife shi ba, ko a wace ƙasa yake, zai iya auna kansa da wannan ma'auni, ya ga ko rigar ta zama tasa ko har yanzu ta maƙwabci ce.